Gero a Rumbu Ba Tuwo Ba Ne: Raddi Kan Yuraniyam da 'Yancin Wutar Lantarki

A ƙarshen watan Oktoba na 2024, lokacin da Arewacin Najeriya ya shafe fiye da mako guda babu wuta, majalisarmu ta bayan isha'i ta cika fiye da kullum, don zafi da sauro sun kori kowa daga ɗaki. Ƙanƙara ta yi tsadar zinariya, masu walda sun jingine kayan aiki, mai markaɗe ya ninka kuɗinsa. A irin wannan zama ne wani dattijo da muke kira Baba, aminin mahaifina, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana fatauci tsakanin Kano, Maraɗi da Agadas, ya ajiye kofin shayinsa ya ce: "Ku yara ba ku san abin takaici ba. Ni da idona na ga manyan motocin da ke fitowa daga Arlit. Ƙasar da ke haska birnin Paris ita ce ke kwana cikin duhu. Ranar da muka gina tashar nukiliya da yuraniyam ɗinmu, ranar muka samu 'yanci. Wannan sola da kuke ta kafawa a kan kwano kuwa wasan yara ne, cajin waya kawai."

Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na ja bakina na yi shiru, don ba a katse babba a gaban jama'a. Sai dai maganar ba ta Baba ba ce shi kaɗai. Za ka ji ta a tashar mota a Damagaram, za ka ji ta a shirye-shiryen rediyo na kiran waya, za ka gan ta a Facebook duk lokacin da babban layin wuta na ƙasa ya faɗi. Tunda ta zama ta jama'a, bari in amsa ta a nan, tare da neman afuwar Baba.

Zan fara da inda yake da gaskiya, kuma gaskiyarsa ba kaɗan ba ce. Tun 1971 ake haƙar yuraniyam a Arlit ta ƙasar Nijar, aka ƙara da mahaƙar Akuta a 1978 har zuwa rufe ta a 2021, amma har yau kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a Nijar. Duk wanda wannan bai sosa masa rai ba, sai a duba zuciyarsa. Haka nan tashar nukiliya ba abin rainawa ba ce. Ba ta san dare ba, ba ta san hazo ba, ba ta fitar da hayaƙi, kuma in aka ɗura mata abincinta sau ɗaya takan yi shekara guda zuwa biyu tana aiki kafin a sake. Faransa, bayan tashin farashin mai na 1973, ta ɗaura ɗamarar gina tashoshi, yau kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nan yake fitowa. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta gina tashar Baraka mai tukwanen nukiliya huɗu, wadda ke ba ta kusan rubu'in wutar da take sha. Saboda haka ba ni da faɗa da nukiliya. Inda muka rabu da Baba shi ne zaton cewa mallakar ma'adinin ita ce mallakar wutar, da kuma zaton cewa tasha ɗaya babba za ta warkar da ciwon da ke jefa mu cikin duhu.

Mu ɗauki na farko. Abin da ke fitowa daga Arlit cikin ganguna wani gari ne mai launin ɗorawa, kuma in ka zuba shi a tukunyar nukiliya irin wadda aka fi ginawa a duniya ko fitila ɗaya ba zai kunna ba. Yuraniyam iri biyu ne a cakuɗe, kuma irin da ake buƙata don kunna tukunya bai wuce kashi 0.7 cikin ɗari ba. Sai an mayar da garin iska a wata masana'anta, a kai shi wata inda dubban injina masu juyawa da tsananin gudu za su tace shi har ya kai kashi 3 zuwa 5, sannan a kai shi ta uku a curo shi ƙwaya-ƙwaya a jera cikin sandunan ƙarfe da aka auna daidai da tukunyar da za su shiga. Wannan tacewa ta tsakiya, wadda ake sayarwa a kasuwar duniya, kusan duka tana hannun kamfanoni huɗu: Rosatom na Rasha, Urenco na Turai, Orano na Faransa da kamfanin gwamnatin Sin. Kuma ita ce fasahar da duniya ta fi sa wa ido, domin injin da ke tace na wuta shi ne ke tace na bam. Abin da Iran ta sha a kan wannan batu ba sai an tuna wa kowa ba. Akwai tukwane irin na Kanada masu cin yuraniyam ba tare da tacewa ba, amma su kuma suna buƙatar wani ruwa na musamman da ake kira ruwa mai nauyi, wanda shi ma masu iya samar da shi ƙalilan ne.

Dubi yadda abin ya rabu a duniya. Kazakistan ce kan gaba wajen haƙar yuraniyam, amma tun 1999 ba ta da tashar nukiliya mai ba da wuta, sai a 2024 ta yi ƙuri'ar raba gardama kan gina sabuwa. Ostireliya ta fi kowa yawansa a ƙarƙashin ƙasa, ba ta da tasha ko ɗaya. Namibiya na haƙa da yawa, tana kuma sayen wuta daga maƙwabta. Ita kuwa Faransa ta rufe mahaƙarta ta ƙarshe tun 2001. Ba ta da gero ko zangarniya ɗaya, amma ita ke da turmi, da dutsen niƙa, da murhu, da masu tuƙi. Shi ya sa da dangantakarta da Nijar ta yi tsami bayan juyin mulkin Yulin 2023, aka karɓe lasisin Imuraren a 2024, aka mayar da kamfanin Somair hannun gwamnati a 2025, fitilun Paris ba su ko ƙifta ba. Ta ci gaba da sayo kayanta daga wasu ƙasashen. Karɓo ma'adinin zai iya kawo wa Nijar farashi mai adalci, kuma wannan haƙƙinta ne, amma wannan ciniki ne daban, wuta a soket kuma daban.

Mu a Najeriya bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Tun 1956 aka gano ɗanyen mai a Oloibiri, amma mun tsufa muna kwana a layin fetur, saboda matatun sun daɗe ba sa aiki. Ko 'yar tukunyar bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30, daga Sin aka kawo ta, kuma da aka sauya mata abinci a 2018 daga can aka kawo sabon. Akwai ma wani abin lura a can Nijar: wutar da ake haƙar yuraniyam da ita a Arlit daga kwal take fitowa, daga tashar Sonichar da ke Anu Araren kusa da Cirozerin.

Sai batun kuɗi, wanda a nan ne 'yancin da ake nema yakan zame ta bayan gida. A lissafin wutar nukiliya, kuɗin ɗanyen yuraniyam kaso ne ɗan ƙarami. Babban nauyin yana kan gini da ruwan bashin da ke taruwa kafin a sayar da wuta ko ta sisi. Faransa da kanta, da duk gwanintarta, ta fara gina tukunya ta uku a Filamanbil a 2007, ba ta haɗa ta da layi ba sai Disamban 2024, kuɗin kuma ya tashi daga yuro biliyan 3 da 'yan kai zuwa kusan biliyan 13. Finlan ta fara gina wata sabuwa a 2005, ba ta kama aiki sosai ba sai 2023. Sabbin tukwane biyu na Amurka a jihar Jojiya sun lashe fiye da dala biliyan 30. Ƙasar da ba ta da irin wannan aljihu hanya ɗaya ta rage mata, wato mai gini ya zo da kuɗinsa. Masar na gina tashar Dabaa da bashin dala biliyan 25 daga Rasha, kuma Rashar ce za ta riƙa kawo abincin tukwanen tsawon rayuwarsu. A Turkiyya ma abin ya wuce haka, domin tashar Akkuyu mallakar kamfanin Rasha ce, shi ya gina, shi zai gudanar, Turkiyya ta sayi wuta. Wannan na iya zama ciniki mai riba, ban musa ba. Amma aure ne na shekara 60 da mai bashi, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Wanda ya bar hannun Paris ya faɗa hannun Mosko ya sauya uban gida ne kawai.

Yanzu ga batu na biyu, wanda ya fi damuna, don shi ne ba a cika faɗa ba. Babban layin wuta na ƙasa kamar ɗaukar jinka ne. Kowane inji da ke ba da wuta mutum ne da ya sa kafaɗa, kuma dole su taka tare, a bugu 50 cikin kowace daƙiƙa. In mutum ashirin ne ke ɗauke da jinka, ɗaya ya yi tuntuɓe, sauran za su tallafe. In mutum huɗu ne, ƙaton cikinsu ya zame, jinka ta tafi ƙasa da sauran ukun. Saboda wannan ne Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ke ba da shawarar kada tukunya ɗaya ta wuce kimanin kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin layin ƙasa. Irin tukunyar da ake ginawa a Masar da Turkiyya megawat 1,200 ce. Layin Najeriya kuwa yawanci tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000 yake iya isarwa. Ka ga ƙaton cikin mutum huɗu ke nan. Ranar da na'urar tsaro ta kashe tukunyar cikin ƙiftawar ido, kamar yadda takan yi ko a ƙasashen da suka ƙware, rubu'in wutar ƙasa ya ɓace lokaci guda. A Nijar kuwa tukunya ɗaya tak za ta ninka duk wutar da ƙasar ke sha a yau sau da dama, babu wayoyin da za su kwashe ta, babu kuma masu sayen da za su biya.

Abin bai tsaya nan ba. Tukunyar nukiliya ko an kashe ta zafinta ba ya mutuwa nan take, sai famfunan sanyaya ta sun ci gaba da aiki, su kuma da wutar waje suke aiki. Abin da ya faru a Fukushima ta Japan a 2011 ke nan: girgizar ƙasa ta yanke layin waje, igiyar ruwa ta cinye janaretocin ko-ta-kwana, tukwane suka rasa mai sanyaya su. Wato ita nukiliya tana buƙatar layi mai lafiya kafin ta zo, kamar amarya ce da ba a kai ta ɗakin da ke yoyo. Layin da ke faɗuwa sau da dama a shekara shi ne abu na farko da masu ba da izini za su tambaya a kai.

Mu koma kan duhun da ya tara mu a majalisa. A wancan mako injinan Kainji, Jebba da tashoshin gas na Kudu ba su daina juyawa ba. Hanyar ce ta yanke. An riga an lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, sai kuma layin da ya biyo ta Inugu da Makurɗi zuwa Jos ya samu matsala, Arewa ta zama tsibiri. Wuraren da aka ambata don gina tashar nukiliya a Najeriya su ne Geregu a jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom. Da a ce tana can tana aiki a wannan mako, da wutarta ta tsaya a inda sauran suka tsaya. Najeriya na da injinan da a takarda suka kai kimanin megawat 13,000, abin da ke hana mu cin moriyarsu shi ne ƙarancin gas saboda bashi, tsofaffin wayoyi da taransifomomi, ɓarayin ƙarfe, da wutar da ake sha ba a biya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da tukunyar nukiliya za ta gyara.

Darasin Nijar ma iri ɗaya ne ta wata fuska. A watan Agusta na 2023, da takunkumin ECOWAS ya sa aka yanke layin Birnin Kebbi zuwa Yamai, ƙasar da ke samun kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta daga maƙwabciya ta gane cewa makunninta yana ɗakin wani. Cikin abubuwan da suka rage raɗaɗin har da tashar sola ta Goru Banda mai megawat 30 a bakin Yamai, wadda ta fara aiki a wannan shekarar. Ba ta wadatar ba, amma babu wanda ya isa ya kashe ta daga wata ƙasa.

To, sola fa, wasan yara ce? Baba na da hujja in ya dubi faranti biyu a kan kwano. Amma Masar ɗin da ke gina Dabaa ta riga ta shimfiɗa tashar Benban kusa da Aswan, mai kimanin megawat 1,500, aka gama ta a 2019 cikin 'yan shekaru kaɗan. Maroko na da tashar Nur a Warzazat mai megawat 580. Farashin farantai ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari daga 2010 zuwa 2020, na batura ma ya bi sahu. Kuma sola na da wata ɗabi'a da ta dace da talaka: ana iya sayen ta mudu-mudu. Ka kafa megawat 10 bana, kamar ta Kumbotso a Kano da aka buɗe a 2023, ta fara ba da wuta, baɗi ka ƙara. Nukiliya kuwa, a ƙiyasin hukumar duniya, daga yanke shawara zuwa kunna fitila shekara 10 zuwa 15 ne in komai ya tafi daidai. Hukumar makamashin nukiliya ta Najeriya tun 1976 aka kafa ta a doka. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Ba zan ɓoye laifin sola ba, don raddi ba ya kyau da son kai. Rana na faɗuwa daidai lokacin da gidaje suka fi buƙatar wuta. Ƙurar hunturu na rufe farantai, hazo na dusashe hasken. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na farantan duniya a Sin ake ƙera su, don haka a nan ma akwai dogaro da wani. Bambancin shi ne, farantin da ka saya yau zai yi shekara 25 yana aiki ko kun ɓata da mai sayarwa, don abincinsa daga sama yake saukowa. Kuma sakaci bai san sola ko nukiliya ba: tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina, mai megawat 10 kacal, ta kwashe fiye da shekara goma ana jan ƙafa, aikin Mambila da aka tsara tun farko da megawat 3,050 kuwa ya fi yawancin masu karanta wannan rubutu daɗewa a duniya. Ƙasar da ƙaramin aiki ya gagare ta, da wane ƙarfi za ta riƙe wanda kuskure a cikinsa ba ya gyaruwa?

Amsar matsalar dare ita ce haɗa hannu. Madatsar ruwa ita ce batir mafi girma da muke da shi: da rana sola ta ɗauki nauyi a riƙe ruwan Kainji, Shiroro da Zungeru, da magariba a sake shi. Nijar na gina madatsar Kandaji mai megawat 130 a kan kogin Kwara. Ga gas da Najeriya ke da shi jibge, wanda injinsa ke tashi da sauri in an buƙata. Ga batura don sa'o'in farko na dare. Ga kuma dokar wutar lantarki ta 2023 da ta ba jihohi damar kafa kasuwar wutarsu, ta yadda Kano ko Sakkwato za su iya samun abin jingina kusa da gida ranar da dogon layi ya yanke.

Wani zai ce, ai Jamus ta rufe tashoshinta na ƙarshe a 2023 bayan ta sha wuya a hannun gas ɗin Rasha, Sifaniya mai yawan sola kuma ta faɗa duhu a Afrilun 2025. Jamus kam, a ganina, ta yi gaggawa, domin rufe tashar da aka riga aka biya kuɗinta asara ce. Amma mai rumbu cike da ya ƙone shi daban, mai shirin cin bashi ya gina sabo daban. Ita kuwa Sifaniya tana da tashoshin nukiliya a wannan rana, kuma da layin ya rikice su ma kashe kansu suka yi, suka koma kan janareta. Binciken gwamnatinta ya ɗora laifin a kan gazawar daidaita ƙarfin wutar a layi. Faransa ma a 2022, da aka gano tsatsagewa a bututun wasu tukwanenta, sai da ta koma sayen wuta daga maƙwabta fiye da wadda ta sayar, karon farko cikin fiye da shekara 40. Duk inda ka juya, magana ɗaya ce: lafiyar layi da yawan kafaɗu. Ƙananan tukwanen da ake ta yi mana albishir da su za su iya sauya lissafin nan gaba, amma zuwa yanzu masu aiki a duniya ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma aikin da aka fi yi wa shela a Amurka an soke shi a 2023 saboda tsada.

Don haka ban ce a rufe ƙofa ba. A ci gaba da horar da matasa a Zariya da Yamai, a ƙarfafa hukumomin sa ido, a ƙarasa manyan layukan da za su haɗa ƙasashen Afirka ta Yamma, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da layinmu ya kai girman da zai ɗauki ƙato ba tare da jinka ta faɗi ba, a zauna a yi lissafi da idon basira. Kafin nan, kuɗin da ke hannu ya fi amfani a kan turaku, taransifoma, mita, madatsar ruwa da farantai.

A daren nan, da majalisa ta tashi, Baba ya aiki jikansa ya karɓo masa wayarsa daga wurin wani yaro mai caji a bakin layi. Na raka yaron. Teburin cike yake da wayoyi sun fi hamsin, kowace an manna mata lamba da farar takarda, a ƙarƙashi ga batura biyu da 'yar inbata tana ƙara a hankali. Mai cajin ya ce kullum da asuba sai ya hau kwano da jiƙaƙƙen tsumma ya goge farantansa, in ba haka ba kafin la'asar caji ya yi rauni. Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, gaskiyarka ce, wannan cajin waya ne kawai. Amma a duk unguwar, a wannan mako, fitilarsa ce kaɗai ba ta jiran izinin kowa, kuma in ta lalace shi da kansa yake kwance ta ya gyara. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Abin da nake roƙo shi ne mu fara da yi wa ƙasa irin wannan gatari, sannan mu je cinikin babba.